Agogon mai gudu ba ya tafiya daidai da naka

Duk wanda ya ce maganar lokaci yana jan ƙafa ga mai tsananin gudu tatsuniyar Turawa ce, to ya fara goge taswirar da ke cikin wayarsa. Gardamar nan ta yi yawa a majalisun Agege da Idi-Araba a Legas, kuma abin mamaki, masu musun da yawansu direbobin Bolt ne, wato tasin da ake kira ta manhajar waya, da 'yan kai saƙo, mutanen da abincinsu ya rataya a kan GPS, tsarin da ke nuna wa waya wurin da take a taswira.

Taurarin ɗan'adam na GPS suna shawagi a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa, suna gudun kusan kilomita 14,000 a awa. Gudun nan yana sa agogonsu ya yi baya da kashi 7 cikin miliyan na daƙiƙa kullum. Nisan da suka yi kuma, inda jan duniya ya yi rauni, yana tura agogon gaba da kashi 45. Ka cire 7, saura 38. Za ka ce wannan har wani abu ne? Da ba a sa shi cikin lissafi ba, kuskuren gano wuri zai riƙa taruwa kusan kilomita 10 a rana, kaɗan ya rage ya kai tsawon gadar Third Mainland ta Legas. Fasinja yana tsaye a Yaba, waya ta rantse yana tsakiyar ruwa.

Einstein ya kawo lissafin gudun tun 1905. A 1971 wasu masana kimiyya biyu, Hafele da Keating, suka ɗora agogunan atam, masu tsananin daidaito, a jiragen fasinja, suka zagaya duniya gabas da yamma, agogunan suka dawo sun saɓa da waɗanda aka bari a ƙasa. Batun ya wuce musu.

Inda na raba hanya da masu yaɗa bidiyon "tafiya cikin lokaci" shi ne yadda suke tallar abin kamar maganin tsufa. Haske yana cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa. Wanda ya kai kashi 87 cikin 100 na wannan gudun, shekara 10 a nan shekara 5 ce a wurinsa. A kashi 99, shekararsa 1 ita ce 7 tamu. Amma shi ba zai ji komai ba. Zuciyarsa na bugawa yadda ta saba, yunwa na kama shi a kan kari, ko kwana ɗaya bai ƙaru a cikin rayuwar da ya ɗanɗana ba. Abin da zai samu kawai, ya dawo ya tarar da ƙannensa sun riga shi furfura, iyaye sun kwanta dama, kuma babu hanyar komawa jiya. Wa ke kwaɗayin wannan, don Allah?

Sannan ma ina muka kai? Kumbon Parker na NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, wanda ya fi duk abin da ɗan'adam ya ƙera gudu, ya yi kusan kilomita 690,000 a awa a Disambar 2024, bai kai ko kashi 1 cikin 1,000 na gudun haske ba. Kullum aka matsa kusa da haske makamashin da ake buƙata sai ƙara ninkuwa yake, shi ya sa abu mai nauyi ba ya cim masa. Ɗan sama-jannati Gennady Padalka na Rasha ya tara kwana 878 a sararin samaniya, amma ratar lokacin da ke tsakaninsa da mu ba ta kai kashi 3 cikin 100 na daƙiƙa ba.