Wa Ya Ci Santimita 90?

"Kai, shagon nawa ka mayar filin ƙwallo?" in ji Alhaji.

"Aikin makaranta ne, Kawu, na fiziks. Riƙe min tef ɗin telan nan a jikin bango. Zan saki ƙwallon tanis daga santimita 200, ka duba inda zai kai in ya taso."

Ɗan boko ya saki. Ƙwallo ya bugi siminti ya taso.

"110."

"Yawwa. Kashi 55 cikin ɗari na ƙarfinsa ya rage ke nan, don tsawon da ya hau shi ke nuna ƙarfin da ya saura."

Alhaji ya ajiye carbi. Mutumin da ya shekara ashirin yana sayar da tsaraba a Sharar Mansur da ke Makka, halala ɗaya (kwabon Saudiyya) ba ta taɓa kwana a waje bai san inda take ba.

"Dakata. Ya tafi da 200, ya dawo da 110. Ina 90?"

"Asarar ƙarfi ce, Kawu."

"Kul! Kar ka ƙara ambaton asara a shagon nan da farar safiya. Wa ya ci?"

"Ba wanda ya ci. Ƙarfi ba ya ɓacewa, kama yake sauyawa. Da ƙwallon ya bugi ƙasa ya lotse ya sake miƙewa, robar ta ɗan yi zafi. Iska ta tare kaɗan. Kaɗan kuma ya tafi a ƙara."

"Ai ni ma ƙara zan kai!"

Alhaji ya ɗauki ƙwallon ya kanga a kumatu, ya juya shi, ya sake kangawa.

"Ina zafin?"

"Ɗan mitsitsi ne, fata ba ta jinsa."

"A Makka za ka ce min zafi ya ɓuya? To a sauya min shi ya dawo santimita."

"Ba ya dawowa, Kawu. A tashi na biyu ma wajen 60 zai kai, na uku 33."

"Ashe dillali ne! Duk taɓa ƙasa sai an cire la'ada. Haka na aika wa Hajiya riyal 500 Kano, ya bi hannu uku, abin da ya isa ko cefanen sati bai yi ba. Su ma da na tambaya, iska suka ce min."

Malam na gefe yana shan shayi, tun ɗazu yake neman ƙofar shiga.

"Ku yi a hankali, ƙasa tana da masu ita. Wataƙila rabonsu suke ɗauka."

"Allah gafarta Malam, doka ce ma a rubuce. Hukumar tanis ta duniya ta ce in an saki ƙwallo daga inci 100 a kan kankare, ya taso tsakanin inci 53 da 58. In ya wuce haka ba a wasa da shi."

"Wato cin ma da hatimin hukuma," in ji Alhaji. "Kamar kuɗin igama, takardar zama a Saudiyya."

Ya sa aka gwada a kan darduma, abin ya ƙara lalacewa. Ya ce dardumar ta Turkiyya ce, ba ta cin amana. Aka sake. Ya ce tef ɗin ne jabu. (Shi ya sayar wa yaron tef ɗin jiya, riyal 3.)

"Kawo nan, sanyin hannu gare ka."

Ya naɗe hannun jallabiya ya maka ƙwallon da ƙasa. Ƙwallo ya wuce 200, ya bugi silin, ya sauko kan kanta.

"Riba! Malam, ka shaida!"

"Kawu, ai jari ka ƙara masa daga damtsenka..."

Tas! Kwalbar turaren riyal 40 ta tarwatse, shago ya game da ƙamshi.

Alhaji ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Ɗan boko."

"Na'am, Kawu."

"Wannan zafi ya koma, ko ƙara?"

"Iska, Kawu."

"To rubuta a littafin naka. Daga kuɗin makarantarka zan cire."