Wai Mara Gaskiya Ko a Ruwa Gumi Yake

Tun jiya raina a ɓace yake. Ana maganar wata mata a birnin Detroit na Amurka da aka kama bisa kuskuren manhajar gane fuska, sai wani bawan Allah ya gyara zama ya ce wai mara gaskiya ko a ruwa gumi yake, in ba ka yi laifi ba me zai sa ka ji tsoron kyamara. Madalla da wannan hikima, malam!

To ita wane laifi ta yi? Da cikin wata 8, tana shirya yara makaranta a Fabrairun 2023, 'yan sanda suka tsaya mata a ƙofa, wai ta yi fashin mota. Mai cikin wata 8 fa. Kwamfuta ce ta ce fuskarta ta yi kama da wadda ake nema. Ta shafe kusan awa 11 a tsare kafin daga baya a kori ƙarar. A 2020, 'yan sandan garin dai, bisa kuskuren manhajar, sun kama wani magidanci gaban matarsa da 'ya'yansa kan satar agogunan da bai san da su ba, ya kwana a tsare. Shi ma gumin rashin gaskiya ne?

Gaskiyarka ba ta kare ka daga na'urar da ba ta san gaskiya ba. Fuska kawai take aunawa. Kuma a 2018 binciken Joy Buolamwini ta jami'ar MIT ya nuna kuskuren manhajojin nazarin fuska wajen bambance namiji da mace, kan mata baƙar fata ya kai kusan kashi 35 cikin 100, kan farar fata maza bai kai kashi 1 ba. Ka duba madubi ka faɗa min ɓangaren da kake.

Za a ce ai za a gyara ta. To a gyara. Ranar da ta daina kuskure ma ta fi ban tsoro. A Mosko da ita ake tsinto masu zanga-zanga a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Waɗannan ba kuskure aka yi ba, su ɗin ake nema. Laifi kuwa mai mulki ne ke yanka masa suna, abin da ke halal bana yana iya zama laifi baɗi, hotonka kuma yana nan a ajiye.

Wallahi ba ɓarayi nake karewa ba. Ina so ne mutum ya je asibiti, ya je taro, ya ziyarci wanda ya ga dama, ba tare da an rubuta ba. Kai mai gaskiyar, ba labule a ƙofar ɗakinka?

Kamfanin Clearview, mai manhajar gane fuska, ya kwashe biliyoyin hotuna daga Facebook da sauran shafuka, bai nemi izinin kowa ba. Wataƙila har na ranar aurenka.

Af, wai don Allah me manhajar tocila za ta yi da lambobin da ke wayata? Ɗazu na sauke wata, ta ce sai na ba ta izinin lambobi da makirfo. Haske kawai na nema. Na goge ta, na lalubi makullina a duhu.