Mitar awo da kunnen makanike: abin da lalacewar motata ya nuna mini

A sanyin bara motata ta mutu a kan babbar hanya da dare. Fitilar batir ta kama a dashbod, fitilun gaba suka dusashe, sannan injin ya tsaya gaba ɗaya. Kafin wannan dare na kwana kusan goma ina jin wani siririn kuka daga gaban injin, wanda yake ƙaruwa idan na taka totur, amma na yi sakaci da shi.

A garejin da aka ja motar, matashin da ya karɓe ta bai tambaye ni komai game da kukan ba. Ya jona na'urar bincike a kwamfutar motar, ta nuna masa ƙarancin wuta, ya sa sabon batir ya sallame ni. Bayan kwana 3 motar ta sake mutuwa. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, domin wutar ta yi ƙasa da gaske, sai dai ba ta faɗi dalili ba, kuma batir ba ya samar da wuta, ajiye ta kawai yake yi, altaneta ce mai cika shi yayin da injin ke aiki. A nan Turai, inda tun shekarar 2001 aka wajabta wannan tsarin bincike ga sababbin motocin fetur, na lura da yawan masu gyara sun fi amincewa da allo a kan kunnuwansu.

Sai na tuna dattijon makaniken da nake kai wa mota a gida. Yakan ɗora bakin doguwar sukudireba a jikin altaneta, ya kara mariƙinta a kunne, ya gusa zuwa famfon ruwa, ya gusa zuwa kan injin, cikin minti biyu ya gaya maka inda ciwon yake. Ya san cewa ƙara mai tsini lokacin tayar da mota da safe fambel ne, wato bel ɗin robar da ke juya altaneta, ya saki ko ya tsufa, gurnani mai bin gudun injin kuma boris ne, wato zoben ƙwallayen ƙarfe da sassa ke juyawa a kai, ya ci, ƙas-ƙas mai sauri daga sama yawanci tafet ne, wato ƙananan ƙarafan da ke tura bawul ɗin inji, ko ƙarancin baƙin mai. Bugu mai nauyi daga ƙasan injin kuwa, wannan ba ya bari a ƙara ko minti ɗaya, domin daga nan ne inji yake bugawa. Idan ya yi shakka, yakan cire fambel ya tayar da injin na ɗan lokaci kaɗan. In kukan ya ɓace, to daga abubuwan da fambel ke juyawa yake. Wannan ilimi ne na gaske, kuma ina baƙin cikin yadda mu da kanmu muke raina shi.

Amma ba zan ɓoye inda na gida suke kuskure ba. Har yanzu akwai masu cire kan batir injin yana aiki, su ce idan motar ba ta mutu ba to tana caji. A tsofaffin motoci an sha tsira da hakan, amma a motar zamani wutar tana iya yin tsalle ta ƙona kwamfutar motar ko ta lalata altanetar da ake gwadawa. Alhali ƙaramar mitar auna wuta ta wadatar: cikakken batir yana nuna kusan volt 12.6 idan mota tana kashe, idan an tayar kuma ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. Idan bai hau ba, a duba fambel, da tsatsar kan batir, da wayar da ta haɗa injin da jikin mota, kafin a yanke wa altaneta hukunci. Idan ya zarce 15, na'urar daidaita cajin ce ta lalace, kuma za ta dafa batirin.

A komawata ta biyu na nace sai an auna a gabana, mitar ta tsaya a 12.1 injin yana aiki. Na roƙi babban makaniken wurin ya saurari kukan, ya kara kunne, ya ce boris ɗin altaneta ne ya ci har ya lalata cikinta. Batirina na farko, wanda aka riga aka jefar, ƙila lafiyarsa ƙalau.