Shafi 63, Ƙafa 63

Ban kama sunan kowa ba, kuma ba zan kama ba. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Akwai wani bawan Allah da ya rubuta "ƙwararren maginin gidajen yana" a ƙarƙashin hotonsa, har da ƙarin cewa ya daɗe ana damawa da shi. Madalla. Shi ne wanda watannin baya ya zagaya ya gaya wa wani mai kamfani cewa ina da nawa, wai ina ɓata lokaci wajen tsara abin da ido ba ya gani. Aka karɓe aikin gina gidan yanar kamfanin daga hannuna aka ba shi. Ban ce uffan ba.

Makon jiya sai ga kiran mai kamfanin, murya ƙasa-ƙasa. Sun sauya lambar waya tun tuni, amma har yanzu mutane tsohuwar suke kira. Na ce, ranka ya daɗe, a turo min fayilolin in duba.

Jama'a, shafi 63 ne. Kowane shafi da nasa goshin (ɓangaren saman shafi), da nasa jerin mahaɗai na sama (inda ake latsawa a tafi wani shafi), da tasa ƙafar (ɓangaren can ƙasa), duk an kwafa an manna da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Da aka ce ya gyara lambar, sai gwanin naku ya buɗe shafukan da ya tuna da su ya gyara, sauran ya bar wa Allah. Shafin farko sabuwar lamba, shafin "Tuntuɓe Mu" tsohuwa. Shekarar haƙƙin mallaka da ke can ƙasa kuwa kala uku na ƙirga, kamar gidan yanar na rayuwa a zamani uku lokaci guda. A wasu shafukan mahaɗai shida ne a sama, a wasu biyar, domin ranar da aka ƙara sashen labarai ya gaji kafin ya kai ƙarshe.

Na san abin da zai ce, don na sha jin irinsa: wai HTML, harshen da ake rubuta shafukan yana da shi, ba shi da hanyar saka fayil cikin fayil. Wannan kam gaskiya ne, tsagwaron HTML bai zo da ita ba. Amma ƙaramin sani ƙunƙumi ne. Tun shekarun 1990 sabar NCSA (saba ita ce manhajar da ke miƙa wa mai karatu shafi) ta zo da dabarar da ake kira SSI, sabar Apache ta gaje ta: ka rubuta ƙafar shafi sau ɗaya a fayil guda, ka sa layi ɗaya a kowane shafi, sabar ta ɗauko ta ɗora kafin ta miƙa wa mai karatu. Rasmus Lerdorf ya saki PHP, harshen rubuta manhajar yana, a 1995, kuma duk ɗan koyon da ya yi mako biyu a kansa ya san umarnin include da require masu ɗauko fayil cikin fayil, har ya san bambancinsu: na farko in bai ga fayil ba gargaɗi zai yi ya wuce, na biyu tsayawa zai yi cak. WordPress, manhajar gina gidan yana da ya fito a 2003, wanda mutumin naku ke yi wa kallon kayan yara, ka buɗe jigoginsa na gargajiya, wato fayilolin fasalin shafi, za ka tarar da header.php na goshi da footer.php na ƙafa suna zaune abinsu. In ma ka ce ba ka son sabar ta yi wani aiki, ga manhajar Jekyll tun 2008, ga ta Hugo, su haɗa maka shafukan tun a kwamfutarka, ka ɗora su a gama. Hanya ta fi a ƙirga. Shi dai hannunsa ya zaɓa.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne gyaran da ya yi ƙoƙarin yi da ƙorafi ya yi yawa. A shafuka kamar goma ya cusa jerin mahaɗan cikin iframe, wato akwatin da ke nuna wani shafi a cikin shafi, bai kuma gaya wa mahaɗan inda za su buɗe ba. To ka san halin iframe, abin da aka latsa a cikinsa a cikinsa yake buɗewa. Sai ka latsa "Game da Mu", shafi sukutum ya matse kansa cikin ɗan siririn akwatin da bai fi faɗin yatsu uku ba, kana leƙensa kamar ta kafar ƙofa. Irin wannan wahalar ce ta sa aka gaji da tsarin firam na raba shafi akwati-akwati da burauzar Netscape ta kawo a tsakiyar shekarun 1990, har HTML5, zubin HTML da ya zo daga baya, ya yi watsi da frameset, alamar gina tsarin. Shi yanzu ya iso wurin.

Ban ma taɓo shafukan da ke cikin ƙananan folda ba. Ya manna musu mahaɗai iri ɗaya da na waje, bai fara adireshin daga tushe ba, don haka burauza na neman fayil a inda babu shi. Ka latsa, 404, saƙon "ba a samu shafin ba", ta yi maka sallama.

Wani abokin aiki ya ce min in yi masa uzuri, wataƙila rashin sani ne. Na so in yarda. Sai mai kamfanin ya nuna min takardun kuɗin da ake turo masa, na ga ashe kowane gyara da shafi-shafi ake lissafa shi. Sauya kalma ɗaya a ƙafa, aiki 63. A nan na daina tausayi. Ko dai bai sani ba, ko kuwa sanin ne ya yi yawa, ya gane cewa fayil ɗaya ba ya kawo abin da fayil 63 ke kawowa. Ya zaɓi wanda ya fi masa daɗin ji, ni duka biyun ba na so a jingina min.

Kada a ce na cika baki, aikin ba wani abin a zo a gani ba ne. Yini ɗaya ya ɗauke ni. Goshi fayil guda, jerin mahaɗai fayil guda, ƙafa fayil guda. Wannan shi ne "abin da ido ba ya gani" da aka ce ina ɓata lokaci a kansa. Na sa mai kamfanin ya zauna da kansa ya sauya lambar, ya sabunta burauza, ya bi shafukan yana dubawa yana girgiza kai.

Kafin mu tashi ya nuna min wani ɗan rubutu a can ƙasan ƙafar, inda gwanin ya sa sunansa da kirarinsa a kowane shafi, don duniya ta san wanda ya yi aikin. Ya ce a cire. A tsarin mai sunan, wannan aikin kwana biyu ne, kuma da an manta da guda bakwai ko takwas, sunan ya ci gaba da rayuwa a lungu. A nawa tsarin layi ɗaya na goge.