Gigin tsufa cuta ce, ya kamata a fara binciken ta a gidajenmu

Jama'a, yau maganar tsofaffinmu nake so mu yi, amma sai na fara kai ku Kolombiya, can Kudancin Amurka, saboda wani likita da ya rasu a watan Satumbar 2024. Sunansa Francisco Lopera, likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Antioquia da ke birnin Medellin. Kusan shekara 40 ya yi yana bin zuri'a ɗaya tak mai fama da cutar Alzheimer, wato wani nau'in gigin tsufa. Ni a wurina rayuwar mutumin nan ta fi dogon wa'azi nuna mana inda muka gaza a kan iyayenmu.

A shekarun 1980, yana matashin likita, aka kawo masa wani magidanci ɗan shekara 47 da mantuwa ta cinye. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne mahaifin mutumin haka ya ƙare, kakansa ma haka, da wasu cikin dangi. Da wani ne, rubuta magani zai yi ya sallame su. Shi sai ya bi su ƙauyukan da ke kan duwatsu, gida-gida, yana tambayar wa ya haifi wa, wa ya fara ruɗewa, yana shekara nawa. Mutanen wurin sun daɗe da sanin ciwon, wasu suna ɗaukar sa asiri ne ko tsinuwa. Shi da abokan aikinsa suka shiga majami'u suna buɗe tsofaffin littattafan haihuwa da aure da mutuwa, har suka haɗa nasabar da ta koma shekarun 1700. Zuri'ar ta kai mutum kusan 6,000, kimanin 1,200 daga ciki suna ɗauke da abin da ke kawo ciwon. Kuma duk wannan a yankin da 'yan tawaye da masu fataucin hodar ibilis suka addaba. Ina so ku riƙe wannan, mu da muka san abin da ake nufi da hanya ba ta biyuwa.

A 1995 aka gano tushen. Canji ne ɗan ƙanƙani a wata ƙwayar gado mai suna presenilin 1. Kamar ɗalibi ne ya sa ɗigo inda bai dace ba a allo, harafi ya juya, ma'ana ta canza, kuma duk wanda ya kwafa daga allon ya kwashi kuskuren. In uwa ko uba na ɗauke da shi, kowane ɗa tsakanin ya gada da bai gada ba rabi da rabi ne. Wanda ya gada, wani sinadari mai suna amiloyid yana fara taruwa a ƙwaƙwalwarsa tun yana wajen shekara 28, babu wanda ya sani, har shi. Wajen 44 mantuwa ta fara bayyana, kafin 50 ta yi ƙarfi. Ɓarnar takan fara ne daga sashen da ke ajiye sabbin abubuwa, shi ya sa tsohon labari ke tsira, na ɗazu ya ɓace.

Duk wanda ya zauna da mai wannan lalura ya san haka ba tare da an karanta masa ba. Akwai wata dattijuwa a unguwarmu nan Birnin Kebbi, Allah Ya jiƙan ta. Za ta ba ka labarin ranar da aka kai ta ɗakin miji, da sunan wadda ta yi mata kitso, da kalar zanen da ta ɗaura. Amma sai ta idar da la'asar, ta naɗe sallaya, ta ɗauki buta ta ce wa jikarta, “Ke, an kira la'asar kuwa?” Tana ƙulle kuɗi a bakin zane ta tura ƙarƙashin katifa, anjima ta tayar da gida wai matar ɗanta ta sace. Ita kuwa baiwar Allah, wadda ke yi mata wanka da wanki, sai ta shiga ɗaki ta yi kuka ta fito ta ci gaba. Ranar da Inna ta fita da asuba ba mayafi wai za ta gidan mahaifinta, wanda ya rasu tun kafin a haifi 'ya'yanta, sai surutu ya fara a waje. Wannan ya ce jifa ne, wancan ya ce iska ce. Har aka sami mai cewa dama tun da can ba a yarda da ita ba. Wannan kalmar ta ƙarshe ita ce ke tayar mini da hankali, domin mun san inda zargin maita ke kai tsohuwa marar gata.

Abin mamaki, addininmu bai bar mu a duhu ba. Alƙur'ani ya ambaci wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin shekaru har ya zama bai san komai ba bayan ya sani, a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, kuma Manzon Allah (SAW) ya nemi tsari daga wannan hali. To daga ina muka samo ɗora wa aljani ko kishiya?

Sai dai kada wani ya karanta wannan ya je ya fasa auren 'yar mutane wai kakarta ta yi gigi. Irin gadon da Lopera ya bi, mai kama mutum da ƙuruciyarsa, bai kai kashi 1 cikin 100 na masu cutar Alzheimer ba. Galibi abin ya fi haka sarƙaƙiya. A 1993 Allen Roses da abokan aikinsa a Jami'ar Duke ta Amurka suka gano cewa wani nau'i na ƙwayar gadon APOE, wanda ake kira APOE4, yana ƙara haɗarin kamuwa a tsufa. A Turawa, wanda ya gada daga ɓangare ɗaya haɗarinsa kan ninka kusan sau 3, wanda ya gada daga uwa da uba ya fi haka nesa. Haɗari ne kawai yake ƙaruwa. Da yawa suna ɗauke da shi har su koma ga Allah da hankalinsu garau.

Ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. A 1992 aka fara wani bincike tsakanin Jami'ar Indiana ta Amurka da Jami'ar Ibadan, Hugh Hendrie daga can, marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun daga nan, daga baya Farfesa Adesola Ogunniyi ya ci gaba. Suka bi tsofaffi 'yan shekara 65 zuwa sama, Yarbawa a Ibadan da baƙaƙen fata a birnin Indianapolis. Sakamakon da suka fitar a 2001 ya nuna sabbin masu kamuwa da gigin tsufa a shekara kashi 1.35 ne cikin 100 a Ibadan, 3.24 a Indianapolis. Kuma APOE4 ɗin nan da ke da ƙarfi a Turawa, a Yarbawa tasirinsa ya yi rauni ƙwarai, alhali suna ɗauke da shi da yawa. Ke nan abin da aka gano a jinin Bature ba lallai ya zauna daidai a jinin ɗan Afirka ba. Haka kuma abin da aka gano a Ibadan ba za mu kwaso shi mu liƙa wa Bakaben Argungu ko Bafillatanin Gwandu ko Badakkaren Zuru ba. Abincinmu daban, aurenmu daban, tsatsonmu daban.

Mu kuwa abin da Lopera ya sha wahala kafin ya samu, a hannunmu yake. Gidajenmu manya ne. Auren zumunci ya sa dangi a dunƙule suke. A kowane gida akwai gwaggo ko baffan da zai lissafo maka kakanni ba tare da ya duba takarda ba. Muna da Jami'ar Tarayya a nan Birnin Kebbi, da ta jiha a Aliero, ga asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ga asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. Wanda ke ganin sai Bature, ya dubi Dakta Mahmoud Bukar Maina, wanda ya yi bincike kan cutar Alzheimer a Jami'ar Sussex ta Ingila, ya dawo ya kafa cibiyar bincike a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu. Yobe ba ta fi mu kwanciyar hankali ba lokacin da aka fara.

Ban ce aikin yana da saurin biya ba. Maganin da aka gwada a zuri'ar Kolombiya na tsawon shekaru, a 2022 aka bayyana cewa bai yi aiki ba. Amma da yake Lopera bai bar mutanen ba, a cikinsu aka tsinci wata mata mai ɗauke da canjin, wadda ya kamata ta ruɗe tun tana 40 da wani abu, amma ta haura 70 kafin alama ta bayyana. Aka duba aka ga ta gaji wani nau'in APOE da ba a cika samu ba, daga uwa da uba, wanda ake ganin shi ya kare ta. Yanzu masana na bin sawun wannan don neman magani. Ina yawan tunanin ko akwai irinta a Jega ko Yawuri, tana zaune tana kaɗi babu wanda ya taɓa tambayar ta.

Kafin masu bincike su iso, akwai abin da ke hannun kowa. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya ce a 2024 kusan kashi 45 cikin 100 na wannan lalura yana da nasaba da abubuwa 14 da ake iya gyarawa, ciki har da hawan jini, ciwon suga, shan taba, raunin ji da gani da ba a kula da su ba, buguwar kai, da zaman kaɗaici. Hawan jini ya cika gidajenmu, ana sayen magani na sati ɗaya a kemis, kai ya daina ciwo a ajiye. 'Yan acaɓarmu ba sa sa hular kwano. Tsoho in kunnensa ya yi nauyi sai a daina hira da shi, a bar shi a zaure shi da tasbaha.

Roƙona ga ɗalibanmu na likitanci da malamansu, ku fara da littafin rubutu da izinin iyali, ku ji wa ya ruɗe a gidan, yana shekara nawa, ɗan wa ne. Ku kuma masu jinya a gida, in Baba ko Inna suka fara maimaita tambaya ɗaya, ko suka ɓata a hanyar masallacin da suka saba, ku kai su a auna jini da suga, ku gaya wa likita komai har da wanda ya taɓa yin haka a dangi. Wata ruɗewar ma daga ƙarancin sinadarin B12 ko ciwon maƙoƙo ko wani magani take, kuma irin wannan ana warkewa.