Ba Satar Zane Ba Ce

Jiya a wajen masu sayar da motocin Kwatano nan Maradi, wani dillali ya nuna mini Mercedes GLE Coupé, ya ce, "Alhaji, ka gani? BMW X6 suka sata." Mutane da yawa haka suke zato, kuma akwai gyara a maganar.

Gaskiya X6 ta riga fitowa, a 2008, ita kuwa GLE Coupé sai 2015. Amma abin da Mercedes ta bi shi ne kasuwa. Ta ga attajirai sun yi na'am da babbar mota mai gangaren baya, kuma masu sayen nan su ne dai nata. Ita ma an bi sawunta: bayan ta fito da motarta CLS a 2004, Audi ta fito da A7 mai kama da ita a 2010.

Sai maganar iska, wadda na fi so a gane. Duk kamfanoni suna gwada mota a ɗakin da ake hura mata iska mai ƙarfi, domin siffar da ta fi tsaga iska ita ta fi rage shan mai. Iska ɗaya ce ga kowa, dole amsoshin su yi kama. Dokokin Turai na kare mai tafiya a ƙasa su ma sun ƙayyade yadda gaban mota zai kasance.

Masu zanen kuma suna sauya wurin aiki. Peter Schreyer, da ya yi suna a Audi, ya koma Kia a 2006 da gwanintarsa.