Kafin Ka Damƙa wa Manhaja Amanar Waƙoƙinka

Assalamu alaikum, 'yan'uwana matasa.

Akwai wata ɗabi'a da nake yawan gani a tare da mu, kuma ina ganin ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya a kanta. Mutum zai yi shekara da shekaru yana tara waƙoƙi a kwamfutarsa, wasu ya saya da kuɗinsa, wasu ya kwafo daga faya-fayan CD ɗinsa, har su kai dubbai. Amma ranar da zai zaɓi manhajar da za ta riƙa kunna masa su, ko tunanin minti biyar ba zai yi ba. Wadda ya ga ta fi ƙyalƙyali, mai launukan da ke rawa idan kiɗa ya tashi, ita zai sauke, ya yi ta danna amincewa bai karanta ko layi ɗaya ba, ya sakar mata komai. To, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ɗan'uwa, ka ɗauki manhaja a matsayin 'yar haya, waƙoƙinka kuwa su ne gidan. Mai haya komai daɗewarsa wata rana zai tashi. Saboda haka tambayar farko ba ita ce wace manhaja ta fi kyau ba. Tambayar ita ce: ranar da za mu rabu, me za ta bar mini, me kuma za ta yi gaba da shi?

Kada ka ce ai ba za ku rabu ba. Winamp ta fito a 1997, ta yi tashen da a lokacin kusan duk mai fayil ɗin MP3 da ita yake sauraro. Kamfanin AOL ya sayi masu ita a 1999, sannan a ƙarshen 2013 ya ba da sanarwar zai rufe ta, sai da wani kamfani ya saye ta a farkon 2014 ta tsira da kyar. iTunes, wadda Apple ya fitar a 2001, an wayi gari a 2019 an raba ta gida-gida a kan kwamfutocin Mac. Mafi zafi shi ne na Google Play Music. Ta ba mutane damar ɗora waƙoƙinsu har 50,000 kyauta, da yawa suka ga banza ta faɗi, suka ɗora, wasu har suka goge na cikin kwamfutarsu. A 2020 aka rufe ta, aka ce kowa ya kwashe kayansa ko ya koma YouTube Music, a farkon 2021 kuma aka share abin da ya rage. Waɗannan fa manyan kamfanonin duniya ne, ba masu neman na cefane ba.

Don haka fara da duba irin fayilolin da kake da su, ka tabbata manhajar tana karanta su duka, kuma ba za ta tilasta maka juya su zuwa wani nau'in da ita kaɗai ta sani ba. MP3 kowa na karantawa. FLAC, wanda ya fito a 2001, yana matse sauti ba tare da ya zubar da komai ba, yakan rage nauyin waƙar CD zuwa wajen rabi ko sama da haka kaɗan, kuma babu kamfanin da ya mallake shi. Amma iTunes ba ta kunna FLAC, nata nau'in take so, wato ALAC. Wanda ya tara FLAC ya je ya ɗauko ta, ya jawo wa kansa aiki. A nan ma in ja kunnen masu juya MP3 zuwa FLAC wai don sauti ya ƙara kyau: ɓata wuri kawai kuke yi. Faifan CD yana ɗauke da kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa, MP3 kuwa iyakarsa 320. Abin da aka zubar ranar da aka matse shi ya tafi ke nan, babu manhajar da za ta dawo da shi, fayil ɗin ne kawai zai kumbura.

Yanzu ga inda na fi so ku ba ni hankalinku, domin nan ne ake tafka asarar da ba a ganewa sai an makara. Kowace waƙa tana da wani ɗan wuri a cikin fayil ɗinta inda ake rubuta sunanta, sunan mawaƙi, kundin da ta fito, shekara, lambarta a jeri, har da hoton bango. A MP3 ana kiran wannan tsari ID3. Idan ka zauna ka gyara sunayen waƙoƙinka a cikin manhaja, ɗayan biyu ne ke faruwa. Wata manhajar za ta rubuta gyaran a cikin fayil ɗin kansa, duk inda ka kai shi yana tare da bayaninsa. Wata kuwa a nata kundin ajiya za ta rubuta, ta bar fayil ɗin yadda yake. A ido duk ɗaya ne. Sai ranar da kwamfuta ta lalace, ko ka sauya manhaja, ka buɗe folda ka tarar da "Track 01" ta fi ɗari, babu mawaƙi, babu shekara, babu hoto, aikin darare da yawa ya bi ruwa. Taurarin da kake ba waƙoƙin da ka fi so da ƙidayar sau nawa ka saurari kowacce sun fi komai saurin ɓacewa ta wannan hanya, domin manhajoji da yawa a wurinsu suke riƙe su sai in kai ka shiga saiti ka ce a rubuta a fayil. Jerin waƙoƙin da ka tsara ma haka ne. Ka duba ko manhajar za ta iya fitar maka da shi a matsayin M3U, wanda rubutu ne zalla da kusan kowace manhaja ke ganewa. In ba ta iyawa, ni dai ba zan ba ka shawarar ka saba da ita ba.

Wani ƙaramin abu kuma: tsohon tsarin ID3 na 1996 haruffa 30 kacal yake ɗauka a gurbin suna, kuma bai san haruffa irin su ƙ da ɗ da ɓ ba, balle rubutun Larabci. Shi ya sa wani lokaci za ka ga suna ya yanke a tsakiya, ko alamomin tambaya sun maye gurbin haruffa. Sabon tsarin ya magance wannan, sai ka tabbata da shi manhajarka take rubutawa. Idan kuma sunayen sun riga sun cakuɗe, akwai manhajojin da gyaran ne sana'arsu, irin su Mp3tag da MusicBrainz Picard.

Ka kuma yi hattara da akwatin nan da ake cewa ka danna domin manhaja ta tsara maka folda da kanta. Da zarar ka amince, tana iya kwashe fayilolinka daga inda ka jera su, ta sauya musu suna, ta zuba su yadda ta ga dama bisa bayanin da ta tarar a cikinsu. In bayanin nan a hargitse yake, kundi ɗaya sai ya watse cikin folda goma.

Na san za ku ce to wacce za mu ɗauka. Ya danganta da yawan kayanka da halinka. VLC, wadda ta samo asali daga aikin ɗalibai a Faransa, kusan babu abin da ba ta buɗewa, kuma tana aiki a Windows da Mac da Linux. Sai dai a ganina ta fi dacewa da wanda zai danna fayil ya saurara ya rufe, ba mai son tsara dubban waƙoƙi ba. MusicBee, ta masu Windows, ta iya riƙon tarin waƙoƙi, kuma ba ta da wuyar sabo. foobar2000, da ta fito a 2002, farkon ganinta ba za ta burge ka ba ko kaɗan, fari fat kamar takardar lissafi, amma ba ta da nauyi, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarta, kuma mai haƙurin koyo zai juya ta yadda yake so. Masu Linux suna da Strawberry da Rhythmbox. Duk waɗannan ba su neman ka fasa wani makullin biyan kuɗi kafin ka yi amfani da su.

Na ambaci fasawa ne da gangan. Wasunmu sun mayar da sauke manhajar sata abin alfahari. Ban da haƙƙin masu ita da ka ɗauka, wanda ya fasa ta ya ba ka kyauta ba don Allah ya yi ba, galibi akwai abin da ya cusa a ciki. Ko ta kyauta ce, je ka shafin masu ita na asali, ka bar shafukan nan masu maɓallin saukewa guda biyar da ba ka san na gaskiya ba.

Maganar wai wata manhaja ta fi wata daɗin sauti kuwa, kada ta ɗauke maka hankali. In fayil ɗaya ne, ƙarar ɗaya, ba a taɓa ikwalaiza ba, wato saitin ƙara ko rage kauri da kaifin sauti, da wuya kunnenka ya ji bambanci. Lasifikarka da abin da ka sa a kunne su ne ke yin aikin. Abubuwa biyu ne nake ganin sun cancanci ka nema. Na farko ReplayGain, wanda ke daidaita ƙarar waƙoƙi don kada wata ta zo a hankali, ta bayanta ta firgita ka, kuma ba ya taɓa ainihin sautin, lamba kawai yake rubutawa. Na biyu iya haɗa waƙa da waƙa ba tare da ɗan shirun nan na tsakani ba, wanda ke ɓata kundin da aka ɗauka a zama ɗaya.

Kafin ka nuna wa kowace manhaja babbar foldarka, kwafe ta gaba ɗaya zuwa wata ma'adana ta waje, ka cire ta daga jikin kwamfutar ka ajiye. Sannan ka ware waƙoƙi kamar hamsin a wata folda dabam, ka haɗa nau'i-nau'i, ka ba ta su. Gyara sunan guda uku, sa wa biyu taurari, tsara ɗan gajeren jeri ka fitar da shi. Daga nan ka rufe ta, ka buɗe foldar nan da wata manhaja dabam, ka ga me ya biyo ka. In sunayen da ka gyara suna nan, jerin ya buɗe, fayilolin kuma suna inda ka bar su, sai ka ba ta sauran.